Malti ko Fedoji? Hirar Ataya a Nima

To, ku ɗan matso da bencin nan, maganar ta cikin gida ce. Ƙanenmu ya kwashi adashi, ya haɗa da abin da ya samu a ɗinkin Sallah, yana so ya yi wa jitarsa gata. Tambayarsa ita ce, ya sayi malti, wato akwatin nan na komai-da-ruwanka, ko ya fara tara fedoji ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Kawu ya yi a zamaninsa? Na ce masa wannan ba maganar tsaye a bakin titi ba ce, ya bari mu hallara, ga Kawu, ga Yaya da ke haɗa sauti a wuraren biki, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ni dai tun yanzu zan faɗi inda na karkata, kada a ce na yi nuƙu-nuƙu: malti zan ce ya saya.

Kawu, na ga ka kawar da kai. Ka bar ni in kai aya tukuna. Hujjarka ma ni zan faɗe ta da bakina, don na sha jin ta har na haddace, kuma ban taɓa raina ta ba.

Ku da ataya kawai ke kawo ku, bari in warware muku abin a gurguje. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da murya. Ɗan siririn lantarki ne maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya ke tsintowa, sai an bi da shi ta waya zuwa amfilifaya da sifika kafin kunne ya ji. A kan wannan hanyar ake dasa feda. Ɗan akwatin ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba, da maɓalli ɗaya da ake takawa da ƙafa, kuma aikinta ɗaya tak. Wata ta saita tsirkiya ce. Wata na sa sauti ya yi kauri da gurnani, ita ce obadiraib, in gurnanin ya tsananta a ce distoshan. Koras na sa ka ji kamar jita biyu ke tafiya tare, dile na maimaita abin da ka kaɗa kamar amsa-kuwwa, ribab na faɗaɗa wuri ka ji kamar a babban zaure kake. Kamfanin Boss na Japan ya fara fito da ƙananan nan da muka fi sani a 1977, DS-1 ɗinsa mai ruwan lemo ta fito a 1978 kuma har yau ana ƙera ta. Koriyar nan ta Ibanez, Tube Screamer, ta biyo baya a 1979. Malti kuwa ƙaramar kwamfuta ce a akwati ɗaya da ke kwaikwayon duk waɗannan, har da amfilifayar kanta da sifikarta. Zoom 505 da ya fito a 1996 shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya iya mallakar irinsa, sannan Line 6 ya kawo jan POD a 1998.

Tambayar da na fara yi wa ƙanenmu ita ce: bayan ka saya, ina za ka soka wayar? Ya yi shiru. Ba shi da amfilifaya. Kuma ku duba mu nan, in ka cire Kawu, wa ke da ita? Duk gardamar a nan take, kuma samarin da ke kallon bidiyon Turawa a waya ba sa lura da hakan, domin mutumin da ke nuna fedojinsa a bidiyo akwai amfilifaya mai tsada a bayansa, ita ke yin rabin aikin.

Rashin amfilifayar nan ba daga sama ya faɗo mana ba. Kawu ya sha ba mu labarin yadda yayyensa suka tafi Black Star Square ranar 6 ga Maris 1971, ranar wasan Soul to Soul, suka ga Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Santana da idonsu. A lokacin Akra cike take da ƙungiyoyin makaɗa, otel-otel da gidajen rawa na da nasu, mai ƙungiya ne ke sayen kayan kiɗa, yaro ya zo da yatsunsa kawai. Zamanin su Nana Ampadu da African Brothers ke nan, zamanin Ebo Taylor na tsara waƙoƙi yana kaɗa jita. Sai tattalin arziki ya karye, sai juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 ya zo da dokar hana fitar dare da ta haura shekara biyu. Kiɗan dare ya mutu. Ga harajin da aka ɗora wa kayan kiɗa a matsayin kayan alatu. Makaɗa suka watse, wasu Najeriya, wasu Ingila, wasu Jamus irin su George Darko, waɗanda suka zauna kuma da yawa suka koma kiɗa a coci, don can kayan suke. Masu faifai da manyan sifiku suka karɓe biki da suna. Da hiplife ya taso a shekarun 1990, har ƙungiyar VIP ta ɗaga sunan Nima, da kibod da kwamfuta aka yi shi. Saboda haka yaron zango da ya ɗauki jita yau bai gaji komai ba sai sha'awa.

Yanzu ku tuna yadda aikinmu yake. An tare lungu a Mamobi ko Kotobabi, an kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗauko hayar sifiku da miksa. Ka zo da jitarka, mai sauti ya nuna maka rami ɗaya a jikin miksa ya ce ga naka. Yaya, ƙarya na yi? To in ka soka fedar distoshan kai tsaye a nan, abin da zai fito wata ƙara ce mai tsini da ke soke kunne, har tsofaffin mata su fara harararka. Laifin ba na fedar ba ne. An ƙera ta ne da zaton za ta shiga amfilifayar jita, ita kuwa sifikar jita ba ta iya fitar da sauti mai tsini sosai, daga wajen hertz 5,000 zuwa sama take fara danne shi, wannan dannewar ce ke mayar da gurnani ya yi daɗi. Sifikar biki an yi ta ne don ta fitar da komai, har da ƙaramar sifikar sama mai fito da tsinin. Ba abin da za ta rufa maka. Malti yana da kwaikwayon sifikar jita a cikinsa, ya tace sautin tun kafin ya isa hannun mai miksa. Ko wannan dalilin kaɗai ya ishe ni.

Za a ce ai akwai feda ta musamman da ke yin wannan tacewar. Akwai. Amma ka saye ta, ka sayi ta saita tsirkiya, ka sayi obadiraib, ka sayi dile, ka ga malti kake haɗawa da kaɗan-kaɗan, a kan kuɗin da ya ninka.

Sai maganar wuta, wadda ba sai na tuna wa kowa ba. A 2015, da dumso ya kai maƙura, awa 24 ake yi babu wuta, a kawo ta awa 12. Abin ya yi sauƙi yanzu, alhamdu lillahi, amma har gobe ana ɗaukewa, kuma a wurin biki sau da yawa janareta ne, ga firjin sanyaya lemo da fitilu duk a kan layi ɗaya da kai. Ƙananan malti da yawa na aiki da batir irin na tocila. Zoom G1X Four batir AA huɗu yake ci, kuma yana karɓar wuta ta USB, ka ga fawa bank ɗin wayarka ma ya isa. Boss GT-1 shi ma huɗu, ME-80 shida. In kana kan batir, ka rabu da rabin gunjin da wutar janareta ke shigo da shi. Fedoji kuwa kowace da batirinta mai bolt 9. Obadiraib ba ta da ci, tana daɗewa, amma dile ta zamani kafin ka ankara ta shanye batir, kuma in ka manta ka bar waya a soke a raminta na shiga, da safe za ka tarar batirin ya mutu ko da ba ka kaɗa komai ba. Ka ce za ka haɗa su duka a kan adafta ɗaya da wayar nan mai rassa, sai wata ta riƙa zuba wa wata hayaniya, musamman in ka gauraya masu kwamfuta da marasa ita. Maganinsa akwatin wuta mai ware kowace feda da layinta, shi kuwa mai kyau kuɗinsa kan kai na ƙaramin malti.

Zuba mana na biyu, ƙanena, kada ya huce.

Akwai abin da ya fi damuna fiye da duk wannan, kuma shi ne na ce maganar ta cikin gida ce. Gidajenmu na haya ne, ɗaki jikin ɗaki, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Ta taga kana jin maƙwabcinka na tari. Masallaci kuma ba ya nisa da kowace ƙofa a Nima. Mun san cikin iyayenmu akwai waɗanda ganin jitar ma a ɗaki ba ya yi musu daɗi, balle jin ta. Ba zan shiga wannan mas'alar ba, tana da malamanta. Abin da na sani shi ne yaron da ke son zama lafiya da mahaifiyarsa da mai gida da maƙwabta dole ya koyi kiɗansa ba tare da ya hana kowa barci ko salla ba. Malti yana da ramin abin sauraro na kunne. Ka sa, ka yi atisayenka bayan Isha'i har ka gaji, jaririn ɗakin gefe bai motsa ba. Da azumi haka. Lokacin da sarakunan Ga suka sa dokar hana kiɗa da hayaniya ta wata guda kafin Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni, haka. Mai fedoji biyar da ba shi da amfilifaya ba ya jin komai, mai amfilifaya kuma ba ya iya buɗe ta. Na san yara masu baiwa da suka ajiye jita don kawai ba su da inda za su kaɗa ta a ɓoye, kuma abin na ci mini rai.

Ga kuma lufa. G1X Four na ɗaukar daƙiƙa 30 na abin da ka kaɗa ya riƙa maimaita maka. Ga mai koyon highlife wannan babban malami ne, domin highlife ba jita ɗaya ba ce, biyu ne ko uku ke saƙa da juna. Ka ɗauki zagayen Yaa Amponsah, wanda Kumasi Trio suka naɗa a faifai a Landan tun 1928 kuma har yau a kansa ake gina waƙoƙi, ka bar shi yana juyawa, kai kuma ka bi ta samansa kana neman inda za ka shiga da inda za ka yi shiru. Akwai ganguna ma a cikin akwatin, sai dai na Turawa ne, ba za ka samu bugun ƙararrawarmu a ciki ba, amma don riƙe lokaci sun wadatar.

Kuɗi kuwa, kun san da dala ake shigo da kayan nan. Kun ga abin da ya faru a 2022, sidi ya zube, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen shekarar, wanda ya yi wata shida yana tara kuɗin feda ya je ya tarar ta tsere masa. A can waje, G1X Four ɗan sama da dala 100 ne, GT-1 wajen dala 200. Feda ɗaya sabuwa ta Boss kan kama daga wajen dala 60 zuwa sama da 150. Ka lissafa huɗu ko biyar, ka ƙara gajerun wayoyin da ke haɗa su, ka ƙara wuta, ka ƙara allon da za ka jera su. Masu araha irin su Joyo da Mooer da Behringer sun sassauta lissafin, gaskiya ne, kuma wasunsu na da daɗi ƙwarai. Duk da haka allo ne za ka ɗauka ka shiga tirotiro da shi daga Nima zuwa Madina ko Ashaiman, jita a baya, kana kare shi daga ƙafafun mutane. Ƙaramin malti a aljihun jakar jita yake shiga, ko okada ka hau hannunka biyu a sake suke.

To, Kawu, ga taka.

Kawu cewa yake yi: abin da ba a iya gyarawa a Akra ba naka ba ne, aro aka ba ka. Kuma wallahi yana da gaskiya. Ka buɗe cikin Tube Screamer, abin da za ka gani 'yan ƙananan kayan rediyo ne da wani ɗan cif mai lamba 4558, irin wanda ke cikin tsofaffin rediyo da amfilifayoyi, masu sayar da kayan gyaran lantarki a Zongo Lane sun san shi sarai. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Nima, da dalmarsa da ɗan mitarsa, zai iya bin layin ya gano inda ya mutu. Malti kuwa in ƙwaƙwalwarsa ta tafi, ko gilashinsa ya mutu, ba mai taɓa shi, sai dai a nemo wani allon daga waje, kuma sau da yawa gara ka sayi sabo. Ƙanena, kai tela ne, za ka fi kowa ganewa: keken ɗinki na ƙafa, baƙin nan na kakanni, kowane mai gyara zai kwance shi ya mayar, amma injin surfani mai kwamfuta in ya tsaya, shago ya tsaya har sai an samo wanda ya san shi.

Bai tsaya nan ba. Ya ce feda ɗaya ta mutu a tsakiyar wasa, ka zare ta ka haɗa sauran ka ci gaba. Malti ya mutu, komai ya mutu tare. Ya ce feda ba ta tsufa a kasuwa, wadda aka ƙera shekara talatin da suka wuce aikinta ɗaya da ta bana, in ka matsu ka sayar da ɗaya ka biya kuɗin haya sauran na nan, amma malti da zarar sabon samfuri ya fito tsohon ya faɗi. Sannan ya ce, kuma nan ne ya fi ƙarfi, feda ga maɓallanta a fili, uku ko huɗu, kana tsakiyar waƙa ka ji amon ya yi yawa ka sunkuya ka murɗa, ya wuce. A malti sai ka danna nan ka shiga can kana karanta ɗan gilashi a cikin duhu, mawaƙi na jiranka.

Ban musa ko ɗaya ba, Kawu. Abin da zan ce shi ne shawararka ta dace da kai. Kana da amfilifayarka, kana da ɗakin da za ka buɗe ta, kuma kunnenka ya san abin da yake nema tun kafin a haifi yaron nan. Ka tara fedojinka cikin shekaru masu yawa, kowace ka saye ta ne bayan ka ji ta a ƙafar wani ka tabbata kana buƙatarta. Shi kuwa har yanzu bai san ko koras yake so ko ribab ba, bai san bambancin dile gajere da dogo a cikin waƙa ba. In ya fara da fedoji, da kuɗin adashinsa zai riƙa gwaji, ya sayi wadda ba ta yi masa ba ya sayar da asara. A malti zai ɗanɗana duka a kyauta, shekara ta zagayo ya san biyu ko ukun da ba ya iya rabuwa da su. Ranar nan sai ya zo wurinka ka raka shi sayen feda ta gaske, ya sa ta a gaban maltin, don ba haramun ba ne a haɗa su. Da yawa daga masu kiɗan coci da na otel haka suke yi.

Game da lalacewa kuma, abin da ya fi mutuwa a malti ba ƙwaƙwalwa ba ce. Maɓallin takawa ne, da ramin waya, da ramin wuta, waɗannan kuwa duk ana gyara su a nan. Ƙwaƙwalwar, yawanci adafta ce ke kashe ta, zan zo kan wannan. In kuma ƙaddara ta faɗa ya mutu ana tsakiyar wasa, ka zare waya ka shiga miksa kai tsaye da sauti tsantsa. Ba zai yi daɗi kamar da ba, amma highlife da rege za su kai ka ƙarshen biki.

Haɗarin malti na gaskiya wani ne daban, kuma ina so ƙanenmu ya buɗe kunne. Yawan zaɓi na cinye lokacin koyo. Za ka ga yaro ya kwana yana danne-danne daga wannan saiti zuwa wancan, bai kaɗa waƙa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Saitukan da kamfani ke zubowa a ciki an yi su ne don su burge mai saye a kanti, gurnani ya yi yawa, amo ya yi yawa, kuma kiɗan wasu ƙasashe aka yi wa su. Kiɗanmu tsantsar sauti yake so. Ka saurari jitar Ebo Taylor, kowace tsirkiya a fili take, kana jin inda yatsa ya sauka. Ka lulluɓe wannan da distoshan da ribab, ka kashe saƙar da ke tsakanin jita da jita, ganga ma ta rasa inda za ta zauna.

Bari in faɗa muku wani abu, ya tsaya a nan. Cikin waɗanda kuke gani da manyan alluna ko malti mai tsada a wurin wasa, akasarinsu sauti biyu ko uku suke amfani da shi daga farkon dare har ƙarshe. Yaya na zaune a bayan miksa, shi ke ji, ku tambaye shi. Don haka in ka sayi naka, ka share wuri uku ka gina da hannunka. Na farko tsantsa, da ɗan kwamfiresa mai daidaita ƙarfin sauti da ribab kaɗan, shi ne na highlife kuma a kansa za ka fi zama. Na biyu na rege, da ɗan dile ko wah-wah don saran nan na bayan bugu. Na uku mai ɗan gurnani don lokacin da aka ba ka fili kai kaɗai, kuma gurnanin ka rage shi ƙasa da yadda ranka ke so. Ka daidaita ƙarfinsu, kada ka taka na uku mai miksa ya zabura ya rage ka, in ya rage ka ba zai ƙara ɗaga ka ba har a tashi. Kada ka yarda da abin da ka ji a kunne cikin ɗaki kaɗai, ka roƙi Yaya ya ba ka minti goma a kan sifikunsa kafin mutane su taru, don abin da ya yi daɗi a ɗaki kan zama laka a fili. Ranar da ka samu amfilifayar jita ta gaske a wurin wasa, ka kashe kwaikwayon sifika, in ba haka ba sautin zai toshe. Wanda kuma danne-dannen gilashi ke ɓata masa rai, ya nemi ME-80, shi maɓallan murɗawa ne a jere a fili, kusan yadda Kawu ke so.

Masu sha'awar kiɗan Agadas, na san akwai su a cikinmu, tunda 'yan uwanmu na Nijar sun cika zangon nan da waƙoƙin Bombino da Mdou Moctar. Wannan salon yana son ɗan gurnani da ɗan amsa-kuwwa, kuma ƙaramin malti zai ba ka su. Sauran a yatsa yake, a yadda ake jan tsirkiya ana sakinta a bar ta ƙasa tana kuka. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Koo Nimo a Kumasi ya yi suna a duniya da jitar katako da ba ta san wuta ba.

Saura sayen. Yawancin abin da za ka samu na hannu ne, wanda aka shigo da shi ta Tema, ko a kanti ko a shafukan Jiji da Tonaton. Ba laifi, amma ka dubi adafta kafin ka dubi komai. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. In an rubuta 100 zuwa 240 a jikin adaftar, lafiya lau. In 120 kaɗai ka gani, kada ka soka ta a bango, nan take za ta ƙone, wani lokaci ta tafi da akwatin. Kada kuma ka ga bakin adaftar dikoda ko ta rauta ya shiga ramin ka ce ta yi. Irin su Boss bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin nasu nagatif ne, akasin yawancin adaftocin gida. Tsofaffin malti irin POD na farko ma wutar AC suke so, adaftarsu ta daban ce, in babu ita a cikin cinikin ka bar shi komai arharsa. Na ga akwati mai lafiya ya mutu a daƙiƙa ɗaya saboda wani ya ari adaftar da ba tasa ba.

Bayan ka kawo shi gida, iskar teku na sa ramukan waya tsatsa, ƙurar hunturu na shiga maɓallai su fara ƙarar-ƙarar, don haka a jaka zai zauna, ba a buɗe ba. Da damina kada ka bar shi a ƙasa, kun san yadda ruwa ke shigowa ɗakunan da ke kusa da babbar kwata. Abu na ƙarshe, kuma wannan ya shafi mai malti da mai feda baki ɗaya: gidajenmu da wuraren biki da yawa ba su da wayar ƙasa. In ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan cizonka, ko leɓenka ya taɓa makirufo ka ji tsam, ka dakata, ka kira mai sauti a duba wutar. Wannan ba abin jarumta ba ne, rai ake magana.

Ƙanena, ga hukuncina a gaban Kawu da Yaya. Ka sayi ƙaramin malti mai aiki da batir, kada ka kai idonka kan manya masu tsada irin su Helix, ba yanzu ba. Abin da ya rage a kuɗin ka sayi waya mai kyau guda biyu, da tsirkiya ta ajiya, da abin sauraro na kunne. Feda ta jira sai kunnenka ya kira sunanta da kansa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu, ni da Yaya za mu raka ka. Ka zo da jitarka da wayarka da batir huɗu sababbi, kuma kada ka miƙa ko sidi ɗaya sai mun taka kowane maɓalli mun ji.